Kunnen Mama: Yadda 'Yar Wata 22 Ta Koyi Yin Barci da Kanta

Ƙanwata ta shafe watanni tana faɗa mini a waya cewa barcin 'yarta ya gagare ta, ni kuwa ina ta ba ta haƙuri irin na wanda bai ga abu da idonsa ba. Da na je na kwana a gidan, gani ya kori ji. Ƙarfe 7:30 na dare ta shiga ɗaki da yarinyar. Ƙarfe 9:20 ta fito tana sanɗa, kunnenta na hagu ya yi jajir, ga shatin matashi a kumatunta. Ta ɗosana a bakin kujera, ko jingina ba ta yi ba, ta ce cikin raɗa, "Yaya, ki rage murya. Kafin ƙarfe 11 za ta neme ni." Saura minti 10 ƙarfe 11 ya cika muka ji kuka.

Yarinyar watanta 22 a lokacin, lafiyayya, mai kuzari, bakinta ya fara buɗewa. Tun tana wata 8 ta samo wa kanta hanyar shiga barci: uwar ta kwanta a gefenta, ita kuma ta kama kunnen uwar da 'yan yatsu biyu tana murzawa har ido ya rufe. Idan aka zare kunnen kafin barcin ya yi nauyi, an koma gidan jiya. Cikin dare takan farka sau 3 zuwa 5, kuma kowace farkawa sai an kawo kunnen nan. Mahaifinta ya sha miƙa nasa, sai ta taɓa ta ture, ta ƙara ƙarfin kuka. Tana da nata gadon a ɗakin iyayen, amma rabin dare uwar a takure take kwana a kansa.

Kwanciya kusa da yaro har ya yi barci ba laifi ba ne, ba kuma cuta ba ce. Akwai gidaje da yawa da haka suke yi, kowa ya wayi gari ya ƙoshi da barci, kuma irinsu ba su da abin gyarawa. Abin da ya mai da na wannan gidan matsala shi ne ƙanwata na da juna biyu wata 5, tana fita aiki da safe, kuma rabonta da barcin sa'a 3 a jere har ta manta. Ta faɗa mini cewa akwai daren da ta daka wa yarinyar tsawa wajen ƙarfe 3, sannan ta zauna suka yi ta kuka tare. Wannan maganar ce ta sa na ƙara kwanakin da na yi niyyar yi a gidan.

Mako guda na rubutu

Ba mu canja komai ba a makon farko. Takarda muka manna a jikin ƙofar ɗaki, muka rataye biro kusa da ita. Duk wanda ke tare da yarinyar sai ya rubuta lokacin da ta tashi da safe, lokacin barcin rana, lokacin da aka kwantar da ita, lokacin da barci ya ɗauke ta, da kowace farkawa cikin dare. Mai renonta ta rana ita ma ta shiga cikin aikin. Dalilin rubutun shi ne wanda ya kwana ido biyu ba ya iya tuna darensa daidai. Dare mafi muni yake riƙewa, ya ɗauka duka haka suke.

Da muka zauna da takardar bayan kwana 7, abin da ta nuna ya ba ƙanwata mamaki. Yarinyar na tashi tsakanin ƙarfe 7 da 8:30 na safe, gwargwadon yadda daren ya kasance. Barcin rana sai wajen ƙarfe 3 take farawa, ta kai har 5:30 na yamma, domin mai renon tana tausayinta ba ta son tashinta. Ana kwantar da ita 7:30, amma ko dare ɗaya barci bai ɗauke ta kafin ƙarfe 9 ba. Da muka haɗa lissafi, tana samun kusan sa'a 12 a wuni da kwana. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka a 2016, da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019, duk sun ba da ma'auni ɗaya ga ɗan shekara 1 zuwa 2: sa'a 11 zuwa 14, har da barcin rana. Ke nan yarinyar ba ta cikin ƙarancin barci. Uwar ce ke ciki.

Kusan sa'a 2 ɗin nan da ake kai ruwa rana kowane dare kuwa, ba taurin kai ba ne. Ana kwantar da yarinya ce barci bai zo mata ba. Abu biyu ne ke kawo barci. Na farko ana iya kiransa yunwar barci: tun daga tashin mutum wani sinadari mai suna adenosin ke taruwa a ƙwaƙwalwa, gwargwadon daɗewa a farke gwargwadon nauyin ido, barci kuma shi ke sauke shi. Yarinyar da ta tashi 5:30 na yamma ta sauke nata, ba yadda za a yi ta sake jin yunwar nan bayan sa'a 2 kacal. Na biyu agogon jiki ne, wanda ke sakin sinadarin melatonin idan duhu ya shiga, haske kuma ya danne shi. Idon ƙananan yara ya fi na manya jin haske. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Colorado ta Amurka, aka buga a 2018, ya sa yara 10 'yan shekara 3 zuwa 5 cikin haske mai ƙarfi na sa'a guda kafin lokacin barcinsu, melatonin ɗinsu ya ragu da kusan kashi 88 cikin 100. A wannan gidan fitilar falo farar fes ce, kuma idan rigimar ta yi tsawo akan miƙa wa yarinyar waya ta kalli hotuna masu motsi don ta yi shiru.

Kafin mu ci gaba, iyayen sun kai ta wurin likitan yara. Na matsa a kan wannan, domin ba duk tashin dare ne sabo ba. Yaron da ke minshari kusan kullum, ko numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ko yake kwana baki buɗe, magani yake buƙata ba horo ba. Haka ciwon kunne, ƙaiƙayin fata, da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, wanda kan sa ƙafafu su hana yaro natsuwa. Likitan ya duba bai ga komai ba.

Abin da ke faruwa tsakar dare

Saura tambayar da ta fi damun ƙanwata. "Yaya, me ya sa ita kaɗai ke farkawa? 'Ya'yan mutane suna barci har safe."

Na ce mata 'ya'yan mutanen ma suna farkawa, iyayensu ne ba sa ji. Barci zango-zango ne. Babba yakan yi zangon kusan minti 90, jariri minti 50 zuwa 60, mai tatata kuwa yana tsakani. A ƙarshen zango barci yakan yi sama-sama, mutum ya ɗan buɗe ido, ya juya, ya ja mayafi, ya koma, da safe bai ma san an yi ba. A wannan ɗan taƙin ƙwaƙwalwa na duba ko komai na nan yadda aka bar shi. Ki ɗauka kina tafiya a mota, gyangyaɗi ya kwashe ki kin jingina da kafaɗar 'yar'uwarki. Kin buɗe ido sai ki ga kujerar ba kowa. Ba barci za ki koma ba, miƙewa za ki yi kina tambayar inda ta shiga. Haka yarinyar nan take. Ta shiga barci da kunne a hannu, ta farka babu kunne babu mai kunne, kuma ba ta san wata hanyar komawa ba sai wadda ta shigo da ita.

Wannan shi ne ya sauya mana inda za mu sa ƙarfi. Iyayen sun daɗe suna faɗa da kukan ƙarfe 2 na dare, alhali tushensa yana cikin mintuna 5 na ƙarshe kafin barcin farko. Duk abin da yaro ya riƙe a waɗannan mintuna, shi zai nema tsakar dare. Idan abin yana nan a gadonsa, ya laluba ya samu, ba wanda zai ji motsinsa.

Zaɓen hanya

Hanyar da ta fi suna ita ce ta Richard Ferber, likitan yara na birnin Boston, wanda ya bayyana ta a 1985: a kwantar da yaro idonsa biyu, a fita, in ya yi kuka a jira 'yan mintuna kafin a leƙo a lallashe shi a sake fita, ana ƙara tsawon jiran sannu a hankali, misali minti 3, sai 5, sai 10 a daren farko. Ƙanwata ta saurara har ƙarshe ta ce, "Yaya, ba zan iya ba. In na rufe ƙofa ina jin tana kirana, zuciyata ba za ta ɗauka ba." Ban ja da ita ba. Hanyar da uwa ba za ta iya jurewa dare uku a jere ba, ko ta fi kowace kyau a takarda, ba tata ba ce.

Akwai wata mai sauƙin ɗauka, wadda uwa ko uba ke zama kusa da gadon har yaro ya yi barci, ba tare da yi masa abin da ya saba ba, sannan a riƙa nisantar da wurin zaman bayan 'yan kwanaki. Ta fi cin lokaci, amma yaron yana ganin nasa a kusa. A ganina ita ta fi dacewa da mai wata 22, wadda ke iya sauka daga gado ta biyo mutum, kuma tsoron rabuwa da uwa bai gama sakinta ba.

Mahaifin ya yi tambayar da ta dace: shin barin yaro ya yi kuka ba zai bar masa tabo ba? A 2006 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Jodi Mindell sun tattara bincike 52 a kan irin waɗannan hanyoyi, kashi 94 cikin 100 na binciken sun nuna suna aiki, kuma sama da kashi 80 na yaran sun samu sauƙi na gaske. A Ostareliya an bi sawun yaran da iyayensu suka koka da barcinsu tun suna wata 7, aka koya wa wasu iyayen hanyar leƙowa da hanyar zama kusa da gado, aka sake duba yaran da suka kai shekara 6. Sakamakon da aka buga a 2012 bai nuna bambanci ba a halayyarsu, ko lafiyar tunaninsu, ko shaƙuwarsu da iyaye. Wani ƙaramin bincike na Jami'ar Flinders ta Ostareliya a 2016, a kan jarirai 43 'yan wata 6 zuwa 16, ya auna sinadarin damuwa na kotisol a yawunsu bai ga ya hau ba. Waɗannan biyun na ƙarshe a kan yaran da ba su kai tamu ba aka yi su, na faɗa masa hakan. Amma ai ita ba ma ita kaɗai za a bari ba, uwarta na zaune kusa da ita.

Gyaran lokaci kafin a taɓa kunne

Kwana 5 muka ɗauka muna gyaran lokaci kawai, kunne na nan yadda yake. Ƙarfe 7 na safe a tashe ta a buɗe labule, ko da daren ya yi muni. Barcin rana ya dawo 12:30, a tashe ta 2:30. Kwana biyun farko ta yi ta ƙananan rigingimu da yamma, mai renon har ta ce abin tausayi, amma ta daure. Sa'a guda kafin kwanciya a kashe talabijin, a ɗauke waya, a kashe babbar fitila a bar ƙarama mai ruwan ɗorawa. Sai jerin abubuwa huɗu da ba sa canja wuri: wanka, goge haƙora, kayan barci, littafin hotuna guda biyu da ita za ta zaɓa. Duka minti 25 zuwa 30.

Lokacin kwanciya kuwa, maimakon mu matso da shi, baya muka tura shi zuwa ƙarfe 9, daidai inda takarda ta nuna barcinta na zuwa. Ƙanwata ta ga kamar mun miƙa wuya. Amma yarinyar da ta shafe watanni tana ganin gado a matsayin filin daga tana buƙatar ta ɗanɗana kwanciya da barci a kusa da juna. A dare na huɗu, cikin minti 15 ta yi barci. Wannan kaɗai ya mayar wa uwar sa'a ɗaya da rabi na darenta, tun ba a sa yarinya kuka ko sau ɗaya ba.

Sai muka nemo magajin kunne. Zomo ne na yadi mai dogayen kunnuwa masu laushi, idanunsa ɗinki ne, ba maɓallin da zai ɓalle a haɗiye. Jaririn da bai cika shekara ba ba a sa masa irin wannan a shimfiɗa saboda haɗarin toshe numfashi, amma ita ta wuce nan. Uwar ta kwana biyu da zomon a cikin rigarta don ya ɗauki ƙamshinta. Da rana kuma suka riƙa wasan kwantar da shi: a rufa masa ƙyalle, a shafa bayansa, a ce masa, "Ina nan, lokacin barci ne." Ranar da za a fara, uwar ta gaya mata tun da yamma cikin kalmomi kaɗan cewa yau Mama za ta zauna a kujera, ita kuma za ta riƙe kunnen zomo. Ta gyaɗa kai kamar ta yarda.

Dararen kujera

Daren farko ina tsaye a bayan ƙofa ina ji. Aka gama littafi, aka rage fitila, uwar ta zauna a ƙaramar kujera manne da gadon, ta ɗora tafin hannu a bayan yarinyar. Yarinyar ta miƙo hannu wajen kunne. Uwar ta kama hannun a hankali ta ɗora a kan zomo. Ta sake miƙowa, aka sake mayarwa. A karo na uku ta gane, ta wurgar da zomon ƙasa, ta miƙe tsaye tana "Mama, kunne! Mama, kunne!" Uwar ta ɗauko zomon, ta kwantar da ita, ta ce, "Ina nan, lokacin barci ne." Ba ta ƙara kalma a kai ba, domin doguwar magana da lallami kamar buɗe sabuwar hira ce. Sau 11 ta kwantar da ita. Minti 52 aka yi, sannan kukan ya koma shessheƙa, shessheƙar ta koma numfashi. Da ƙanwata ta fito, gaban rigarta ya jiƙe da nata hawayen. Ta ce, "Kallona take yi, Yaya, kamar tana tambayar laifin me ta yi." Na riƙe hannunta, ban ce komai ba, don ba ni da amsar da ta fi shirun.

Cikin dare ma haka aka yi, kujera da hannu a baya da jimlar nan guda. Dare na biyu minti 35. Na uku minti 20, farkawa biyu kacal, kuma da safe aka tarar da zomon a ƙarƙashin hammatarta. Muka fara murna.

Dare na huɗu ya fi na farko muni. Sa'a ɗaya da minti 10, da birgima da dukan katifa. Wannan sanannen abu ne ga masu nazarin ɗabi'a, kuma na yi kuskure da ban gargaɗe su da shi tun farko ba. Wanda ya saba ƙofa na buɗe masa da turi ɗaya, ranar da ta ƙi buɗewa ba juyawa yake yi ya tafi ba, kafaɗa yake sawa. Ƙaruwar rigima bayan 'yan kwanakin sauƙi alama ce ta cewa yaron ya gane an canja, yana gwada ƙarfinsa na ƙarshe. A nan ne iyaye da yawa ke cewa hanyar ba ta yi ba, su ajiye.

A dare na biyar, wajen ƙarfe 2, ƙanwata ta hau gadon ta ba da kunne. Da safe ta faɗa mini kanta a ƙasa. Ba ta ma tuna yanke shawarar yin haka ba, bayanta ne ya riƙe, ido ya rufe, jiki ya bi abin da ya saba. Ba abin zargi ba ne. Mace mai ciki wata 5 da ta kwana huɗu a kan kujera ba a tambayarta dalili. Amma dole mu dubi illarsa, domin abin da yarinyar ta koya a daren shi ne idan aka yi kukan minti 40 kunne na dawowa. Sabon da ake ba shi lada wani lokaci a hana wani lokaci ya fi wanda ake ba shi kullum wuyar kankarewa. Da a ce za a riƙa bayarwa bayan dogon kuka, gara a ba da shi tun minti na farko.

Laifin na tsarinmu ne, mun ɗora dare gaba ɗaya a kan wanda ya fi kowa gajiya. Sai muka raba aikin. Uwar ta ci gaba da kwantarwar farko, lokacin da take da sauran ƙarfi. Duk farkawar da ta biyo baya ta koma hannun mahaifin, uwar kuma ta koma kwana a ɗaya ɗakin na mako guda. Ya ce da ita, "Ki je ki kwanta, ko kin ji ta kar ki taso, ina nan." Da shi rigimar ta fi gajarta, don ba ta taɓa sa ran kunne a wurinsa ba. Daren farko nasa minti 30, na biyu minti 10, na uku ya ɗora hannu kawai ta koma.

A cikin wannan makon Ummanmu ta kira, ta ji labari. Ta ce, "Wace irin tarbiyya ce za ku riƙa sa mini jika kuka da dare? Duk ku haka na rene ku?" Ƙanwata ta ce, "Umma, ba ita kaɗai muke bari ba, ina zaune hannuna a bayanta. Ni dai tsorona ranar da zan haihu, in tana nemana ba na nan." Umma ta yi shiru na ɗan lokaci, ta ce to Allah ya ba da sa'a, amma kada a bari ta yi kuka har muryarta ta dushe. Sharaɗin nata daidai ne, muka karɓa. Maganar ƙanwata kuma ita ce dalilin da ya sa ba mu jira ba. Idan aka bari sai jariri ya iso sannan a raba yarinya da kunnen uwarta, a wurinta jaririn ne ya ƙwace.

Daga nan tafiyar ta miƙe. Bayan kowane dare 3 a rage wani abu: aka ɗauke hannu daga bayanta, kujera ta matsa tsakiyar ɗaki, sannan bakin ƙofa. Kowace matsawa takan jawo ƙorafin dare ɗaya. Ta kuma ɓullo da dabarun masu baki: ruwa, wani littafin, a gyara mata mayafi. Sai aka shigar da su cikin jerin tun kafin ta nema, kurɓin ruwa bayan littafi, gyaran mayafi, sumba a goshi, daga nan kuma amsa ɗaya ce. Mataki na ƙarshe shi ne gajeriyar fita. Uwar ta ce, "Zan je in wanke hannu in dawo," ta fita na rabin minti, ta dawo, ta yaba mata da ta zauna a gado. Gobe minti 1, jibi minti 3. Sharaɗin wannan guda ne: duk abin da aka ce za a je a yi, a dawo kamar yadda aka alkawarta, ko da an tabbata ta yi barci. Yaron da aka taɓa sulale wa yakan kwana yana gadin ƙofa. A dare na 19, uwar ta dawo daga fitar minti 5 ta tarar da ita ta yi barci, kunnen zomo a tsakanin yatsu biyu.

Zazzaɓi

A mako na huɗu da fara zaman kujera, bayan na koma gida, ƙanwata ta kira ni cewa yarinyar na zazzaɓi da mura. Na ce ta ajiye duk wani tsari, ta kai ta a duba ta, ta rungume 'yarta. Yaro marar lafiya ba a koya masa komai. Dare 3 ta yi a ƙirjin uwar, har da kunne. A ɗaya daga cikinsu, wajen sa'a 2 da kwanciya, ta ƙwalla ƙara ido buɗe, tana zufa, ba ta gane kowa, in an taɓa ta sai abin ya ƙaru. Bayan minti 6 ko 7 ta koma barci kamar ba a yi ba, da safe kuma ba ta san zancen ba. Likita ya ce firgitar barci ce, wadda ke zuwa a farkon dare daga cikin barci mai nauyi, kuma zazzaɓi da gajiya kan tayar da ita. Ta bambanta da mugun mafarki, wanda ya fi zuwa gab da asuba, yaro ya farka sosai yana neman a rungume shi. A firgita ba a tashin yaro, a dai tsaya kusa a kare shi daga buguwa.

Da ta warke, fargabar ƙanwata ita ce an rushe aikin mako uku. Suka koma kujera a gefen gado. Dare na farko minti 25 na ƙorafi, na biyu minti 10, na uku kujera ta koma bakin ƙofa. Abin da ta koya bai ɓace ba.

Inda aka tsaya

Da barci ya riƙa ɗaukarta cikin minti 15 dare bayan dare, suka fara matso da lokacin kwanciya da minti 15 bayan kowane 'yan kwanaki. Da suka kai ƙarfe 8 sai ta fara tashi 5:30 na asuba, suka mayar da shi 8:15, ya zauna a nan. A mako na bakwai takardar jikin ƙofa na nuna kwanciya 8:15, barci kafin 8:30, tashi tsakanin 6:30 da 7, da barcin rana na sa'a 2. A cikin dare 7, biyu takan kira sau ɗaya, mahaifin ya ce daga inda yake kwance, "Muna nan, ki kwanta," yawanci hakan ya isa. Ranar da aka yi baƙi ko barcin rana ya ɓaci, akan sha ɗan fama.

Akwai abin da ban hango ba. Ƙanwata ta ce mini ita ma tana kewar 'yan yatsun nan a kunnenta. Sai suka ba kunne wuri a lokacin littafi: yarinyar na zaune a cinya, fitila a kunne, ta murza iya son ranta har a rufe shafi na ƙarshe, sannan uwar ta ce, "To, saura na zomo." Da kanta take sakin wannan ta kama wancan.

Jiya da safe ta turo mini saƙon murya. Ciki ya tsufa, bayi ke tashinta cikin dare yanzu. Ta ce wajen ƙarfe 3 tana kwance ido biyu sai ta ji motsi a ƙaramin gado. Ta yi lamo. Yarinyar ta tashi zaune, ta laluba gefen dama babu, ta laluba hagu ta samo zomon a wajen ƙafarta, ta jawo shi, ta ce masa ƙasa-ƙasa da ɗan bakinta, "Ina nan, barci ne," ta kwanta.